Ciwon allon kafaɗa da gidansa yake a wuya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan yi tsawo, in yi magana a kan wani ciwo da ya kusa raba ni da sana'ata. Ni tela ne a nan Sakkwato, shekarata 31 a kan keke, kuma aikin wuyan riga da na babbar riga shi ne abincina. Ban yi karatun likita ba, sakandare na gama na shiga shago. Abin da zan faɗa, rabinsa a jikina na karanta shi, rabi kuma daga bakin likitocin da suka duba ni da ɗiyata ta fari, wadda ke karatun likita a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Ciwon ya fara ne ana saura kwana goma ƙaramar Sallah, lokacin da tela bai san dare ba bai san rana ba. Wani wuri ne a bayana, gefen allon kafaɗar dama ta wajen ƙashin baya, faɗinsa bai wuce tafin hannun yaro ba. Ba zafin yanka ba ne, ba na ƙuna ba. Wani nauyi ne mai cin rai, kamar an kafa turke a ciki ana murzawa. In na kai hannu zan nuna wurin, sai ya zama kamar ya ƙara nutsewa, yatsa ba ya kai masa. Nakan tashi in jingina da kusurwar ƙofar shago in goga bayana, in sami sauƙin minti biyar, ina komawa kan keke ya dawo.

Kowa ya raɗa masa suna. Maƙwabcin shagona ya ce sanyi ne, tunda ina kwana ƙarƙashin fanka. Wani ya ce basir ne ya hau sama. Gwaggona da ta zo gaishe ni ta ce, "Wanga ba ciwon asibiti na ba." Wanzaminmu, mutumin kirki, wanda shi ya yi wa 'ya'yana duka askin suna, ya kafa mini ƙaho sau huɗu a daidai wurin, har yau tabon tsagar yana nan. Kowane karo sai in ji wasai kwana biyu, a na uku in koma gidan jiya. Man zafi kuwa na shafa har fatar wurin ta yi duhu. Daga nan na faɗa wa maganin haɗi na kemis, ƙwayoyi biyar ko shida a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda. Suna kashe ciwon, ba zan ɓoye ba. Amma bayan 'yan watanni cikina ya fara ƙuna kamar an zuba barkono, fuskata ta yi suntum har mutane suna cewa na yi ƙiba. Sai daga baya na san cewa irin wannan haɗin yakan ƙunshi magungunan kashe zafi masu cin bangon ciki da gajiyar da ƙoda in an daɗe ana sha, da kuma wanda ke kumbura fuska yana tayar da sukari.

Na je wani asibitin kuɗi, ba zan kama suna ba. Aka ɗauki hoton ƙirji da na baya. Wanda ya duba ni ya ɗaga hoton wajen hasken taga, ya ce, "Malam, ba komai, gajiya ce," ya rubuta magani, ya kira na bayana. Bai taɓa wuyana ba, bai ce in juya kai ba. Ni ma ban ambaci wuya ba, don ba ya mini ciwo in ban da ɗan ƙagewa da safe. Wannan "ba komai" ta fi ciwon ci mini rai. Mutum yana kwana zaune a ce masa ba komai? Sai ka fara zargin kanka, mutanen gida ma su fara yi maka wani irin kallo. A daidai wannan gaɓar ce mutane da yawa ke yanke ƙauna da asibiti su kama hanyar masu cewa jifa ne.

Haka na yi shekara biyu da 'yan watanni. Ana shirin babbar Sallah, wata safiya ina zura zare a allura, wani abu ya tsarga mini daga wuya, ya bi kafaɗa, ya gangara ta gefen hannu har babban yatsa da manuni, kamar na taɓa wayar wuta da robarta ta saɓule. Bayan kwana uku yatsun nan biyu suka sage. In na riƙe allura ba na sanin tana hannuna sai na duba da ido. Duk wanda ya san ɗinki ya san da waɗannan yatsu biyu muke ci.

Abu ɗaya ne ke ba ni sauƙi: in ɗaga hannun in ɗora tafinsa a tsakiyar kaina. Haka nake zama, haka nake samun ɗan barci. Ka san mu Hausawa ba ma son ganin mutum ya ɗora hannu a ka, alama ce ta an yi rashi ko wata masifa ta sauka. Mai ɗakina ba ta gajiya da cewa, "Don Allah Malam ka sauke hannun ga, ba kyau." Ranar da ɗiyata ta dawo gida hutun Sallah ta same ni haka a tsakar gida, ba ta ce in sauke ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tsaya tana kallona, ta ce, "Baba, in ka aza hannun bisa kai zahin na ragewa?" Na ce ƙwarai. Ta tambayi yatsun da ba na ji, na nuna mata. Ta ce, "Baba, ciwon ga ba ga baya yake ba, ga wuya yake." Ban yarda ba. Na ce mata wuyana lafiyarsa lau, ga inda ke ciwo ina nunawa. Ba ta yi musu da ni ba, ta ce in yi haƙuri zuwa ranar layya.

Ranar Sallah, bayan an yanka rago an feɗe, kafin a banƙare shi a itace a jera gaban wuta yadda muka saba a nan, ta roƙi mai fiɗa ya cire mata wuyan ya ajiye. Da la'asar ta shimfiɗa tabarma, ta kawo faranti da wuƙa mai kaifi, ta yi ta rage naman har ƙasusuwan suka bayyana a jere. Ta ce in ƙirga. Na ƙirga shida, ta ce ɗaya, na can sama, ya bi kan ragon, bakwai ke nan. Rago bakwai, ɗan Adam bakwai, raƙumi da duk tsawon wuyansa bakwai, raƙumin dawa ma bakwai. Na yi tasbihi.

Sai ta sa bakin wuƙa tsakanin ƙashi biyu ta yanka. A nan na ga abin da na sha taunawa a cikin miya ban taɓa tambayar amfaninsa ba: wani farin abu mai tauri, zagayayye, an naɗe shi hawa-hawa, tsakiyarsa da ɗan laushi da danshi. Ina ganinsa na ce, ai wannan gammo ne. Ta ce likitoci dis suke ce masa, amma gammo ya fi dacewa, don aikinsa ke nan. Kan babban mutum yakan kai kilo 5 ko kusa da haka, wajen kwano biyu na gero, kuma gammayen nan ne ke zaune tsakanin ƙashi da ƙashi suna karɓar nauyin, suna ba wuya damar lanƙwasa. Tsakanin ƙashi na 1 da na 2 babu gammo, wani haɗi ne dabam wanda kusan rabin juyawar kai dama da hagu a wurinsa ake yi. Gammon farko yana tsakanin na 2 da na 3, haka har ƙasa, guda shida in an haɗa da wanda ke ƙarƙashin ƙashi na 7. Ta ce na mutum ya fi kauri ta gaba, kamar jinjirin wata, ta baya kuwa siriri ne.

Ta nuna mini ramin tsakiya da laka ke bi, ta nuna ƙananan ƙofofi a gefe, dama da hagu, inda wani farin zare mai kauri ke fitowa daga lakar. Ta ɗago ɗaya da tsinke ta ce irin wannan ne ke tafiya har yatsuna. Na sa ido sosai. Tsakanin zaren nan da gefen gammo, da ƙyar ƙwayar shinkafa za ta shiga.

A nan sai da muka tsaya a kan kalma ɗaya, wato jijiya, kuma ina roƙon mai karatu ya tsaya tare da mu. Mu a Hausa, wadda jini ke bi jijiya ce. Ta agara, wadda ke gagarar haƙori a cikin nama, jijiya ce. Wadda ke ɗaukar saƙon zafi da sanyi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, ta dawo da umarnin motsi, ita ma jijiya ce. Likita ya ce maka an danne jijiya, kai kuma ka fahimci jini ne ya tsaya, ka nufi wurin wanzami a fitar da mataccen jini. Likitan bai yi ƙarya ba, wanzamin bai yi ha'inci ba, kalmar ce aka ɗora wa kaya uku. Saboda haka ta ukun nan zan riƙa kiranta jijiyar saƙo.

Na ce mata, to na ji batun hannu, gammo ya bulluƙo ya taɓa zaren da ke zuwa yatsu. Amma shekara biyun da na yi ina fama da allon kafaɗa, hannuna garau, me ke ciwo a lokacin? Amsar da ta ba ni ita ce ta sa na ɗauki biro yau.

Gammon kansa yana da tasa jijiyar saƙon. Masana da yawa sun daɗe suna ɗaukarsa kamar farce ko gashi, abin da ba ya jin zafi sai dai ya danne mai ji. Alhali tun 1850 wani Bajamushe masanin sassan jiki, Hubert von Luschka, ya bayyana wata siririyar jijiya mai ban mamaki. Bayan babbar jijiyar saƙo ta fito daga laka ta ƙofar gefe, sai wani ɗan reshe ya ɓalle daga jikinta, ya yi kwana, ya koma ciki ta ƙofar da aka fito. Mu teloli mun san irin wannan, shi ne komawa baya da muke yi da keke don kulle bakin ɗinki. A 1988 Nikolai Bogduk na ƙasar Ostireliya da abokan aikinsa biyu suka bi sawun wannan reshe a wuyan gawarwaki, da madubin ƙara girma. Suka ga in ya koma ciki sama yake nufa, yana ba gammon da ke daidai ƙofarsa rassa, yana kuma ba na samansa. Gefen gammo kuwa wata jijiyar saƙo ce dabam ke kula da shi, wadda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da jijiyar jinin nan da ke ratsa ƙasusuwan wuya ta hau zuwa ƙeya. Kuma rassan ba su shiga har cibiya ba, a bakin gammon suke, wajen kashi ɗaya cikin uku na waje. Tsakiyar kurma ce, bakin ne mai ji.

Ke nan in bakin gammo ya tsage ko ya kumbura saboda wahala da shekaru, zai iya ciwo shi kaɗai ko bai taɓa komai ba. Hoton eksire kuma ba ya nuna gammo sam, gurbinsa kawai ake gani tsakanin ƙashi biyu. A 1997 ma wasu likitoci a Manchesta ta Ingila sun nuna, a gammayen ƙugu, cewa in gammo ya lalace jijiyoyin saƙo kan tsiro su kutsa can ciki inda da babu su. Da na ji wannan sai na ji kamar an sauke mini kaya. Ashe ciwona yana da gida, yana da hanyar da yake bi. Ba ragwanci ba ne, ba kuma hannun kowa a ciki.

Saura batun allon kafaɗa. Akwai wani likitan tiyata a tsibirin Hawai na Amurka, Ralph Cloward, wanda a 1959 ya ba da bayanin abin da ya gani da idonsa. Yakan taɓa gaban gammon wuya da allura, mutum yana farke, ya tambaye shi ina ya ji. Sai mutumin ya nuna bayansa, gefen allon kafaɗa ta wajen ƙashin baya, daidai inda aka kafa mini ƙaho sau huɗu. Dalili shi ne saƙon gammo da saƙon naman da ke riƙe da allon kafaɗa ta ƙofa ɗaya suke shiga laka. Ɗiyata ta kawo mini misali da garinmu. Mai zama a Ƙofar Kware, in ya saba ganin mutanen Kware suna shigowa kullum, ranar da baƙo ya taso daga Gwadabawa ko Illela ya shigo ta nan, sai ya ce mutumin Kware ne. Haka ƙwaƙwalwa take. Ta saba da saƙon fata da nama, ba ta saba da na gammo ba, sai ta jingina shi ga wanda ta sani. Ga shi kuma kowane reshe gammo biyu yake yi wa aiki, kowane gammo kuma daga ƙofa fiye da ɗaya yake samun reshe, shi ya sa ba ka iya ɗora yatsa ka ce ga wurin. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma inda ruwa ke ɗiga ya sani, tsagar rufin kuwa tana iya kasancewa can wata kusurwar.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk ciwon allon kafaɗa daga gammo yake. Ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙasusuwan wuya su ma suna aika ciwo wurin, naman kansa yana gajiya, maɗaciya ma takan aika nata zuwa kafaɗar dama. Wanda kuwa ya ji ciwo a kafaɗar hagu ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi, wannan zuciya ake tsoro, a ɗauke shi asibiti nan take, ba sai an nemi man zafi ba.

Bayan Sallah muka tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Likitan da ya gan ni, wanda a haife na haife shi, ya ɗauki lokaci. Ya sa na ɗaga kai na karkatar da shi dama, ya ɗan danna tsakiyar kaina a hankali, nan take wutar nan ta tsarga har babban yatsa. Ya sa na ɗora hannu a ka, ta lafa. Ya ce ɗaga hannun yana sassauta wa jijiyar ne, kamar ka sassauta zaren da ya ja. Ya buga gwiwar hannuna da 'yar gudumarsa ta roba, ya soka tsinke a kowane yatsa, ya sa na yi tafiya a layi, ya sa na ɓalle maɓallin rigata na mayar. Tun kafin wani hoto ya ce yana zargin gammon da ke tsakanin ƙashi na 5 da na 6, don jijiyar da ke fita ta nan ita ce mai babban yatsa da manuni. Ta ƙasa da ita, tsakanin na 6 da na 7, ita ce mai yatsan tsakiya, ta ƙasa kuma mai ƙaramin yatsa. Gammaye biyun nan, na 5 da 6 da na 6 da 7, su ne suka fi lalacewa a wuyan mutane.

Aka tura ni hoton MRI, irin hoton da ke nuna gammo da jijiyar saƙo, wanda kuɗinsa ba na wasa ba ne, sai da 'yan'uwa suka sa hannu. Ya nuna abin da likitan ya faɗa. Amma takardar sakamakon ta ambaci wasu gammaye biyu da su ma suka ɗan bulluƙo, hankalina ya tashi, na ce shi ke nan wuyan ya ƙare. Likitan ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Hoto shaida ne guda, sai maganarsa ta dace da ta jiki muke karɓa." Ya ba ni labarin binciken da aka yi a Japan, aka fitar a 2015, inda aka ɗauki hoton wuyan mutum 1,211 masu lafiya, waɗanda ba abin da ke damunsu, aka tarar kusan 88 cikin 100 suna da gammon da ya ɗan bulluƙo. Kamar furfura ce, in ji shi, tana zuwa da shekaru. Ina jaddada wannan don na san mutanen da takardar hoto ta kwantar, ba ciwo ba.

Ba a yi mini tiyata ba, kuma an ce mafi yawan masu irin wannan lalura ba sa bukatarta. An hana ni haɗin kemis, an ba ni magani na ɗan lokaci da abin kare ciki, aka tura ni sashen gashi. Na zaci wuta za a sa mini. Mafi yawan aikin motsa jiki ne: in ja haɓa baya a hankali ba tare da sunkuyar da kai ba, in matse allunan kafaɗa in saki, ita kuma mai gashin takan ɗan ja kaina da hannu a hankali ina kwance. Ita ce ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata, wai yaushe rabona da gwajin ido. Ashe idona ya daɗe da raunana a kan abu na kusa, ni kuma ina ta miƙa wuya gaba kamar zakara don in ga bakin allura, tun hantsi har dare, shekara da shekaru. Na yanki gilashi. Na sa katako a ƙarƙashin ƙafafun teburin keke ya ɗago, na rataya fitila mai caji daidai kan allura. Ta kuma ce tsakiyar gammo ba ta da jijiyar jini, daga ƙashin sama da na ƙasa take tsotsar abincinta, motsi ne ke taimaka mata kamar yadda soso ke sha yana fitarwa, zama wuri ɗaya da hayaƙin taba kuwa suna cutar da ita. Sai na yi wa kaina doka: duk sa'ad da zaren kwarkwaro ya ƙare, kafin in sa wani sai na miƙe na taka zuwa bakin ƙofa.

Wutar hannun ta mutu cikin wata biyu. Sagewar yatsu ta fi jinkiri, ta kai wata huɗu, kuma har yanzu akwai ɗan wuri a kan babban yatsana da nake ji kamar an liƙa masa takarda. Na allon kafaɗa yakan leƙo in aiki ya yi yawa, amma yanzu in ya zo wuyana nake gyarawa. Alhamdu lillahi, Sallar da ta wuce da hannuna na yi aska takwas a riguna uku.

Akwai abin da ke tayar mini da hankali, shi ne murɗe wuya. Wasu masu aski da masu tausa, in sun gama, sai su kama kan mutum su fizge shi har ya yi ƙara, a ce an saki jijiya. Jijiyar jinin da na ambata, mai ratsa ramukan ƙasusuwan wuya, ita ke shayar da bayan ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ba ne, amma fizga mai ƙarfi tana iya tsaga ta ta ciki har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. In kuma gammo ya riga ya matse laka, ba a san inda fizgar za ta tsaya ba. Alamomin matsewar laka su ne waɗanda likitan nan ya gwada ni a kansu: maɓalli ya gagari yatsu, cokali ko biro ya riƙa suɓucewa, tafiya ta zama ta tangaɗi, ƙafafu su yi nauyi, fitsari ya riƙa kufcewa ko ya ƙi fita. Mai wannan ba ya jira, shi ne wanda tiyata kan ceta in an yi da wuri. Haka wanda ciwon wuya ya zo masa da rama da gumin dare, don tarin fuka yana cin ƙashin baya. Sanƙarewar wuya da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai kuwa, mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996 da ta 2017 ba ma bukatar a faɗa mana sau biyu.

Malam Edita, ga roƙona. Ku ware fili a shafinku na lafiya ku gayyato likitan ƙashi ko na laka ko mai gashi, ya yi wannan bayani da Hausar da 'yan kasuwa ke ji, da zane, ya raba mana jijiyoyin nan uku kowace da sunanta. Gidajen rediyonmu, irin su Rima, su ma su ɗauka, don waɗanda suka fi bukatar maganar ba su ne masu karanta jarida ba. Ina nufin 'yan dakon da ke sauke buhunan albasa a ka, da dukawan da ke duƙe a kan jar fata tun safe, da 'yan kabu-kabu da ramukan hanya ke girgiza wa wuya, da matan da ke ɗinkin hula a cikin gida. Har da yaranmu da ke kwana da waya a hannu, kai a sunkuye. Likitocinmu kuma, na san layi yana da tsawo kuma kun yi kaɗan, amma wanda ya zo da ciwon allon kafaɗa a ce masa ya juya wuya, ko minti ɗaya ba zai ci ba. Wanzamai iyayenmu ne a wannan harka tun kafin a gina asibiti, mutane sun yarda da su, in an yi musu bayani su ne za su fara cewa, wannan na yi ƙaho sau biyu bai tafi ba, kuma ga yatsa ya sage, tafi a duba wuyanka.

Ƙasusuwan wuyan ragon nan ban yar ba. Na dafa su na kankare, na shanya, na zura su a igiya a jere, na yanka ƙyallen shadda na naɗa ƙananan gammaye na sa a tsakaninsu, na ratsa farin zare ta ƙofofin gefe. Suna cikin aljihun teburin kekena. Makon jiya wani ɗan dako da ke kawo mana dilar yadi ya tsaya yana goga bayansa a kusurwar ƙofar shagona, daidai inda fentin ya goge saboda tawa gugar. Na ce ya shigo ya zauna, na ba shi ruwa, na jawo aljihun tebur. Ya daɗe yana juya su a hannunsa, sannan ya ce, "Baba, to ni yatsan tsakiya na ka yi min tsitt." Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan rufe shago da safe in raka shi ya yanki kati.

Wassalam.

Naku,
Wani tela daga Mabera, Sakkwato.